Yadda Ake Horar da Sabon Ɗan Digiri a Bakin Aiki Har Ya Tsaya da Ƙafafunsa

Duk shekara dubban matasa ne ke shiga ofisoshi da masana'antu da shaguna riƙe da takarda a hannu. Wani ɗalibin jami'a ne da aka turo IT, wato horon sanin makamar aiki, na wata shida, wani ɗan kwalejin kimiyya da fasaha ne mai wata huɗu, wata mai yi wa ƙasa hidima ce, wani kuma sabon ma'aikaci ne da aka ɗauka makon jiya. Abin da ke samun yawancinsu iri ɗaya ne. A nuna musu kujera a lungu, a riƙa aikensu buga takardu da sayo abinci, ranar ƙarshe oga ya sa hannu a duk shafukan logbuk, littafin da ɗalibi ke rubuta aikinsa na kullum, a zama guda, sannan a koma gefe ana cewa 'yan bokon yanzu ba su iya komai ba.

Wannan ƙorafi ya girmi yaran da ake yi a kansu. Shi ne ma ya sa hukumar ITF mai kula da horar da ma'aikata, wadda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, ta ƙirƙiro shirin SIWES na tura ɗalibai IT a 1973, domin masu masana'antu sun yi ta kukan cewa ana kawo musu masu takardar shaida da ba su taɓa riƙe sifana ba. Yau sama da shekara hamsin ke nan. Shiri yana nan, logbuk yana nan, amma abin da zai faru tsakanin ranar zuwan yaro da ranar tafiyarsa yana hannun mutum ɗaya ne, wato wanda aka damƙa wa shi. Idan kai ne wannan mutumin, ko kai shugaban sashe ne ko mai ƙaramin kamfani, da kai nake magana.

Mutum yana koyon aiki ne idan aka ba shi aiki na gaske daidai ƙarfinsa, ya yi da hannunsa, sannan aka zauna da shi aka warware abin da ya faru. Duk matakan da ke ƙasa hidimar waɗannan abubuwa biyu suke yi. Zan riƙa misali da kamfanin haɗa sola, tunda sana'a ce da ta cika garuruwanmu kuma kuskure a cikinta ba ya ɓuya, amma mai asibiti da mai kamfanin shinkafa da mai ofishin akanta kowa zai ga inda abin ya shafe shi.

Mataki na farko: rubuta abin da zai iya ranar tafiya

Tun kafin yaron ya zo, ɗauki takarda ka rubuta ayyuka biyar ko shida da kake so ya iya yi shi kaɗai ranar da zai gama. Ka rubuta su ta yadda ido zai iya gani. "Ya fahimci harkar sola" ba abin rubutawa ba ne, don ba wanda zai iya auna shi. Ka rubuta cewa zai je gidan kwastoma shi kaɗai ya lissafa lodin gidan, wato yawan wutar da kayan gidan ke ci, zai haɗa batura huɗu da inbata da kwantirola mai daidaita cajin batir ba tare da an gyara masa ba, zai gano dalilin da ya sa batir ba ya cika, zai rubuta farashin aiki da za a iya miƙa wa kwastoma. Idan akanta ne, zai daidaita littafin kuɗin kamfani da bayanin banki na wata guda, ya kuma faɗi inda kowane bambanci ya fito.

Ka auna jerin da lokacin da ke gabanka. Ɗan IT mai wata huɗu ba zai ɗauki abin da mai hidimar ƙasa zai ɗauka ba, shi ma mai hidimar ƙasa ka tuna yana da yini guda duk mako na aikin raya al'umma da ba zai zo maka ba. Ranar da ya fara, ku karanta takardar tare, ka ba shi kwafi, ka manna ɗaya a bango.

Mataki na biyu: zaɓi wanda zai riƙe shi

Nan ne aka fi yin sakaci. Oga ba ya da lokaci, sai ya ce "ka riƙa bin su kawai." Yaron da aka ce ya bi kowa, ba mai ɗaukar nauyinsa. Ka ware mutum ɗaya, ka faɗi sunansa a gaban kowa, ka ce wannan shi ne malaminsa.

Kada ka ɗauka wanda ya fi kowa iya aiki shi ne ya fi dacewa. Sau da yawa gwanin gaske hannunsa ya riga bakinsa, yana yi amma ba ya iya faɗin yadda yake yi, kuma ransa saurin ɓaci yake idan aka tambaye shi abu sau biyu. Nemi mai haƙuri, wanda ba ya jin nauyin cewa "zo ka gani," ko da shi ne na biyu ko na uku a ƙwarewa.

Akwai kuma maganar da ba a cika faɗa a fili ba. A wurare da yawa wanda zai koyar ba ya da digiri, ya shekara ashirin yana aikin, ga shi an kawo masa yaro sa'an ɗansa wanda wataƙila nan da shekara uku zai zama shugabansa. Idan ba ka cire masa wannan damuwa ba, zai ɓoye ilimi, kuma ba za ka kama shi ba. Zai riƙa aiken yaron ɗauko tsani daidai lokacin da zai yi haɗin da ya fi muhimmanci. Saboda haka ka kira shi gefe, ka gaya masa aikinsa yana nan, ka gaya masa don ka yarda da shi ne ka zaɓe shi, ka kuma ƙara masa wani abu a wata saboda ɗawainiyar koyarwa, ko da kaɗan ne. Idan yaron ya yi abin kirki, yabon farko na malaminsa ne, kuma a gaban jama'a.

Shi ma yaron ka zaunar da shi. Ka ce masa, "Injiniya, takardarka tana da daraja kuma za mu ci moriyarta, amma a wannan shago Baba shi ne malaminka. Ka gaishe shi, ka ɗaukar masa jaka, abin da ba ka gane ba ka tambaye shi." Yawancinsu suna karɓa hannu bibbiyu idan aka faɗa musu da mutunci tun ranar farko.

Mataki na uku: makon farko

Fara da abin da zai iya kashe shi ko ya nakasa shi. A aikin sola ya sani cewa farantan da aka jera a layi suna fitar da wuta mai ƙarfin ɗaruruwan bolt muddin rana na haska su, ko da ba a haɗa su da komai ba. Ya cire zobe da agogon ƙarfe kafin ya kusanci batir, kada kuma ya ajiye sifana a kan batir, domin idan ta haɗa kawunan biyu za ta yi tartsatsi ta ƙone hannu. Ba ya hawa kwano sai da wani a ƙasa riƙe da tsani. Wannan ba ya jiran mako na biyu.

Daga nan ka zagaya da shi ya ga aikin daga farko zuwa ƙarshe: inda kwastoma ke shigowa, sito, wurin haɗi, inda ake karɓar kuɗi. Sauran kwanakin kallo ne, amma kallo mai aiki. Duk safiya malaminsa ya ba shi abu ɗaya da zai sa wa ido, misali "yau ka lura da wayar da nake fara ɗaurawa," da yamma ya kawo tambayoyi uku a rubuce. Mako guda ya isa. Idan kallo ya kai wata, yaro ya saba da zama, wayarsa ta zama abokiyar aikinsa, kuma tayar da shi daga nan sai an sha wuya.

Mataki na huɗu: fasa aikin gida-gida, ka koyar da ɗaya bayan ɗaya

A 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta shiga buƙatar horar da ɗimbin sababbin ma'aikata cikin gaggawa, har da mata da yawa da ba su taɓa aikin masana'anta ba. Sai aka fito da wani tsari da ake kira TWI, wato horo a cikin masana'anta, wanda bayan yaƙi ya shiga Japan, kamfanin Toyota ya runguma ya gina horonsa a kai. A katin da ake ba masu koyarwa an rubuta cewa idan ma'aikaci bai koya ba, to malami ne bai koyar ba. Tsarin mai sauƙi ne, kuma har yau ban ga wanda ya fi shi dacewa da aikin hannu ba.

Kai da malamin ku zauna ku ɗauki aiki ɗaya, ku raba takarda gida uku: mataki, abin lura, dalili. Ɗauki haɗa kwantirola. Mataki: gwada wayoyin da mitar awon wuta kafin ɗaurawa. Abin lura: a tabbatar da wadda ke ɗauke da alamar tarawa da mai alamar ɗebewa, kada a dogara da launin waya. Dalili: wani ya riga ya yi amfani da jan waya a inda baƙa ta kamata, kuma juya su na iya ƙona na'ura. Mataki na gaba: haɗa batir da kwantirola kafin farantai. Dalili: daga batir ne kwantirola ke gane ko tsarin na bolt 12 ne ko 24. Wajen kwancewa kuma a fara cire farantai. Mataki na gaba: ɗaure kan waya tamau, a ja ta a ji ba ta motsi. Dalili: sako-sakon haɗi yana zafi, daga nan gobara ke tashi. Gida na uku shi ne zuciyar takardar. Ɗan jami'a ya saba neman dalili, idan ka ba shi ba ya mantawa, kuma za ka ga tsohon ma'aikaci ma yana tsayawa ya yi tunani a kan abin da ya shekara goma yana yi bai taɓa tambayar kansa ba.

Koyarwar kanta hawa huɗu ce. Da farko a kwantar masa da hankali, a tambaye shi abin da ya riga ya sani, a tsayar da shi kafaɗa da kafaɗa da malami, domin wanda ke fuskantarka yana ganin damarka a hagunsa. Na biyu malami ya yi aikin a hankali yana faɗin matakai, ya sake yi yana faɗin abin lura, ya sake yi yana faɗin dalili. Na uku yaron ya karɓa ya yi, ana gyara masa nan take, ya sake yi yana faɗin matakai da abin lura da dalilai da bakinsa. Na huɗu a bar shi da aikin, a gaya masa wanda zai nema idan ya maƙale, a riƙa leƙo shi akai-akai, sannan a rage leƙen a hankali.

Kada ka tambaye shi "ka gane?" Amsar kullum "na gane, yallaɓai" ce, don tarbiyyarmu ba ta saba wa yaro ya ce wa babba bai fahimci bayaninsa ba. Ka ce masa "nuna min." Haka kuma malami ya riƙe hannunsa. Idan yaro yana fama da sukudireba, abin da ya fi sauƙi shi ne a fizge a ce "kawo nan," amma duk ranar da aka yi haka an sayi minti biyar da darasin yini guda.

Mataki na biyar: ƙara masa nauyi hawa-hawa

'Yan kasuwarmu sun daɗe da sanin wannan. A Kantin Kwari yaron shago yana farawa da shara da ɗaukar dila, sannan ya san sunayen atamfa da shadda da farashinsu, sannan a bar shi ya yi ciniki maigida na zaune yana ji, sannan a bar masa shago na yini, sannan a aike shi sarin kaya, daga ƙarshe a sallame shi da jari. Maigida ba ya ba shi makullin shago ranar farko, ba ya kuma barinsa a kan tsintsiya har abada. Bambancin kawai shi ne can abin yana ɗaukar shekaru, kai kuwa watanni gare ka, don haka dole ka tsara hawan a rubuce.

Ga kowane aiki da ke cikin jerin nan na bango, yaron zai bi hawa huɗu: yana kallo, yana yi ana tsaye a kansa, yana yi shi kaɗai a duba daga baya, yana yi shi kaɗai har ya koya wa wani. Ja layuka huɗu a gaban kowane aiki, malami ya riƙa sa alama da kwanan wata. Ba a tsallake hawa, ba a kuma barin mutum ya kwana biyu a hawan da ya riga ya ƙware.

Sai ka raba kurakurai gida biyu tun da wuri. Akwai wanda za ka gani ka yi shiru ka bar shi ya faɗa ciki, domin asararsa ba ta wuce ɗan lokaci ko guntun waya ba: ya yanke waya ta gaza, ya manta wani kaya a shago sai an koma, ya yi lissafi a takarda ya karkace. Akwai kuma wanda ba a bari ko kusa, wato duk abin da ya shafi rai, ko kayan kwastoma masu tsada, ko amanar kamfani. Oga mai tsoro yana hana duka biyun, yaro ya tafi bai koyi komai ba. Oga mai sakaci yana barin duka biyun, inbatar mutane ta ƙone. Dabarar ita ce ka riƙa tura kuskure zuwa inda ya fi araha. Lissafi ya fara a takarda, haɗi ya fara a teburin shago da tsofaffin kaya, kafin a je gidan kowa.

Zuwa tsakiyar wa'adinsa, ba shi wani ƙaramin aiki da zai zama nasa tun daga kai har ƙafa. Misali shagon ɗinki mai buƙatar fitila da fanka: shi zai je ya duba, ya lissafa, ya rubuta farashi, ya haɗa, ya koma bayan mako biyu ya ji ko akwai matsala. Ranar da kwastoma ya kira lambarsa kai tsaye, za ka ga yadda tafiyarsa ma ta canza.

Mataki na shida: zaman warwara

Wannan shi ne matakin da kusan kowa ke tsallakewa, kuma a ganina shi ne ya raba wanda ya yi shekara yana koyo da wanda ya yi shekara yana maimaita abu ɗaya. Wani masani ɗan Amurka, David Kolb, ya bayyana a littafinsa na 1984 cewa koyo daga aiki zagaye ne mai tasha huɗu: mutum ya yi abu, ya waiwaya ya duba abin da ya faru, ya fitar da ƙa'ida daga ciki, sannan ya gwada ƙa'idar a aiki na gaba. A wuraren aikinmu tashar farko kaɗai muke tsayawa. A gama aiki, a kwashe kaya, a wuce na gaba.

Ware minti ashirin sau ɗaya a mako, rana tsayayya, misali Alhamis bayan la'asar, da kuma minti biyar bayan kowane babban aiki tun kafin a shiga mota. Tambayoyi huɗu ne: me muka yi niyya, me ya faru, me ya jawo bambancin, me za ka canza gobe. Shi ne mai amsawa. Aikinka tambaya da saurare.

Ga yadda abin yake. An aiki yaron gidan wani mai son wuta ta kwana. Ya dawo da lissafi mai tsabta: fanka uku masu wat 70 na awa 10, ya ba da 2,100, ƙwan fitila takwas masu wat 10 na awa 5, ya ba da 400, talabijin mai wat 80 na awa 5, shi ma 400. Jimla wat-awa 2,900, wato wutar da gidan zai ci. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, saboda haka biyu sun ba da 4,800, ya rubuta batir biyu, har da rara. Kai ka ga ramin, amma kada ka nuna masa da yatsa.

"Injiniya, wane irin batir ka rubuta?"

"Mai ruwa, yallaɓai."

"To idan ana zuƙe shi ƙarƙaf duk dare, wata nawa zai yi?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "An ce kada a wuce rabi."

"To sake lissafin."

Rabin 4,800 shi ne 2,400, bai kai 2,900 ba, ga kuma abin da inbata ke ci wajen juya wutar. Da kansa zai ce wutar gidan za ta ɗauke kafin asuba. Sai ka ƙara masa ɗaya: "Da ka shiga gidan, ka ga dutsen guga ko hita?" Ya ce maigidan ya ce fanka da fitila da talabijin kawai. Ka ce, "Ka tambayi uwargida?" A nan zai gane cewa mai biyan kuɗi daban, masu amfani da wuta daban, kuma dutsen guga ɗaya yana jan wat dubu ko fiye. Wannan ba ya cikin littafin aji huɗu na jami'a. Ka sa shi ya rubuta ƙa'idojin biyu da kalmominsa, sannan ka aike shi gida na gaba cikin makon nan ya gwada su, tun abin yana da ɗumi.

Sharuɗɗa biyu ke riƙe wannan zama. Na farko, ba wurin faɗa ba ne. Idan yaro ya faɗi kuskurensa aka ci masa mutunci a gaban mutane, daga ranar zai koyi ɓoyewa, kuma ɓoyayyen kuskure a gidan kwastoma yake fashewa. Gyara a keɓe ake yi. Na biyu, a warware aikin da ya yi kyau kamar yadda ake warware wanda ya lalace. Idan ya gano matsalar da ta gagari wasu, tambaye shi ta yaya ya gane, domin sau da yawa shi kansa bai san abin da ya yi daidai ba sai an sa shi ya faɗa.

Mataki na bakwai: logbuk da komawa ga littafi

Logbuk ɗin ɗan IT yawanci cike yake da "yau na lura da yadda ake aiki." Ka ƙi sa hannu a irin wannan. Kowace rana ya rubuta abin da ya yi da hannunsa, abin da ya ba shi wuya, da abin da zai yi dabam. Ka karanta ka sa hannu duk mako a zaman warwara. Wanda ba ɗan IT ba ma ya sayi littafi mai bango ya riƙa yin haka. Idan injiniya ne, ranar da zai nemi rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, za a buƙaci bayanin ayyukan da ya yi, kuma ba zai iya tuno su da ka ba.

Kada kuma aikin hannu ya sa a raina karatunsa. A Jamus mai koyon sana'a yana yin kwana uku ko huɗu a kamfani, kwana ɗaya ko biyu a makaranta, na tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, ana biyansa alawus. Ƙarfin tsarin yana cikin wannan kai da komo tsakanin aji da bakin aiki. Kai ba ka da makaranta a gefe, amma za ka iya ba shi awa biyu a mako ya karanta takardar bayanin na'urar da ya taɓa a makon, sannan sau ɗaya a wata ya tsaya gaban ma'aikata ya yi bayanin minti goma, misali dalilin da ya sa ƙurar hunturu ke rage ƙarfin farantai, ko dalilin fuskantar da su kudu a ƙasarmu. A nan ne tsofaffin ma'aikata ke fara ganin amfaninsa, shi kuma ya ji ya kawo wani abu.

Idan wa'adin ya kai wata shida ko fiye, zagaya da shi sito da wurin ciniki da ofishin kuɗi, mako ɗaya ko biyu kowanne. Injiniyan da bai san farashin mita ɗaya na waya ba zai riƙa zana aikin da ba mai iya biya.

Abubuwan da ke karya shiri

Kuɗin mota ne na farko. Yaron da ke zuwa daga wata unguwa mai nisa da aljihunsa zai fara fashi a wata na biyu, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗi dalili ba. Ka yanka masa wani abu tun farko, ko da na mota da abincin rana ne. Wanda ke yi maka aiki na gaske ya cancanci hakan.

Na biyu ya shafi mata. Ana yawan ajiye mace a teburin karɓar baƙi ko da injiniyanci ta karanta, da sunan tausayi. Ka tambaye ta abin da take so ta koya, ka ba ta jeri iri ɗaya da na namiji, ka tsara fita aiki yadda za ta dawo gida da wuri kuma ba ita kaɗai ba. Tana ma da damar da maza ba su da ita, domin tana shiga cikin gida kai tsaye ta ga kayan wutar da ake amfani da su da idonta, ta ji ta bakin matan gida. Ka kuma faɗa a fili cewa duk wanda ya takura mata da maganar banza aikinsa ne a kan layi.

Na uku shiru ne. Yaron da ya daina tambaya, ko dai ya ji tsoro ko ya fid da rai. Kada ka jira zaman mako, ka neme shi ranar.

Mataki na ƙarshe: gwaji da takarda

Saura mako biyu ya gama, ciro takardar nan ta bango. Kowane aiki da ke ciki ya yi shi a gabanka da gaban wani ma'aikaci da ba malaminsa ba, ba mai sa baki. Wanda ya kasa, akwai sauran kwanaki na maimaitawa, shi ya sa ba a barin gwajin sai ranar ƙarshe. Idan akwai sabon yaro da ya zo, sa shi ya koya masa aiki ɗaya da takardar nan mai gida uku, kana gefe kana ji.

Takardar shaidar da za ka ba shi ta faɗi ayyukan da sunansu: ya lissafa lodin gidaje kaza, ya haɗa tsari mai bolt 48 shi kaɗai, ya jagoranci aikin shago daga farko zuwa ƙarshe. "Yaro ne mai ladabi da ƙwazo" ba ta samar wa kowa aiki. Sannan ka tambaye shi abin da ya kamata a gyara wa mai zuwa bayansa, ka rubuta, domin a ranar tafiya ne bakinsa ke buɗewa.

Ka adana jerin ayyuka da takardun fasa aiki da sakamakon gwaji a fayil ɗaya, yaro na gaba da su za ka fara. Idan kamfaninka yana cikin waɗanda doka ta wajabta wa biyan ITF kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin shekara, hukumar tana iya mayar da har rabin abin da aka biya ga kamfanin da ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'idojinta. Ka je ofishinta na yankinku tun kafin a fara horon ka ji takardun da suke buƙata da lokacin miƙa su.